Tsarin Muryoyi a Waƙoƙin Bukukuwan Kirista: Tsakanin Jama'a da Gwanaye

Gabatarwa

Ɗaliban adabi sun saba da raba waƙa gida biyu, watau rubutacciya da ta baka, sa'an nan su bi ta da awon ma'auni da amsa-amo da jigo da salo. Amma akwai wani fanni da ba a cika waiwayarsa ba, shi ne abin da kan sami waƙa bayan ta bar hannun mai ita ta faɗa bakin taro. Wannan maƙala za ta dubi wannan fanni ta hanyar waƙoƙin ibada da Kirista ke rerawa a lokutan bukukuwansu, musamman na Kirsimeti, da yadda ake tsara su domin ƙungiyoyin mawaƙa da 'yan badujala. Za a fara da ƙasar Jamus, a bi ta Ingila, a ƙare da majami'un da ke ibada da harshen Hausa. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, duk wanda ya zauna tsara irin wannan waƙa yana yanke hukunci ne a kan wanda zai buɗe baki da wanda zai yi shiru ya saurara. A kan wannan hukunci aka shafe shekaru wajen 500 ana ja-in-ja.

Shekarar Ibada da Waƙoƙinta

Majami'un Yammacin Turai sun raba shekara zango-zango, kowane zango da waƙoƙinsa. Shekarar takan fara da Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu, sai Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, sai azumin kwana 40, sai Juma'ar tunawa da gicciye, sai Ista, sa'an nan Fentikos bayan kwana 50. Waƙar wani zango ba ta shiga wani. Alal misali, a majami'un Katolika da Angilika da na mabiya Luther ana ajiye kalmar Halleluya tun daga farkon azumi, ba a sake rera ta sai an shiga Ista. Saboda haka waƙar biki takan yi wata goma sha ɗaya a ajiye, ta fito na 'yan makonni, ta koma. Wannan ne ya sa jama'a ke ƙulafucinta, ba su son a taɓa ta. Shi ne kuma ya sa shugaban mawaƙa ke neman abin da zai sabunta ta da shi kowace shekara, don kada ta gundure shi da mutanensa.

Mene Ne Tsarin Muryoyi?

A ƙungiyar makaɗin Hausa, irin ta Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo, jagora ne ke ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa ko su yi ƙari. Muryoyin suna bin juna ne, wannan ya sauke wancan ya ɗauka. Ƙungiyar mawaƙan coci, wadda ake kira kwaya, ta sha bamban da haka. A cikinta muryoyi huɗu ne ke tafiya lokaci guda, kalmomi ɗaya, amma kowace murya da hanyarta. Ta sama ita ce sofrano, ta mata ko yara, ƙarƙashinta alto, sai tena, watau siririyar muryar maza, sai bes, kakkaurar murya wadda sauran ke zaune a kanta kamar yadda jinka ke zaune a kan bango. Ɗaya daga cikin huɗun ce ke ɗauke da karin muryar da kowa ya sani. Sauran ukun aikinsu su jitu da ita, su cika ta.

Mai tsari yakan tarar da waƙa da karin muryarta an riga an yi su. Nasa aikin shi ne ya zaɓi muryar da za ta ɗauki karin, ya rubuta wa sauran hanyoyinsu, ya daidaita tsayin sauti yadda tsoho da yarinya za su iya kaiwa, ya zaɓi kayan kiɗa, ya kuma shirya yadda baiti zai bambanta da baiti. Waƙar Kirsimetin nan da ta game duniya, Stille Nacht, ta isa misali. Wani limamin coci, Joseph Mohr, ya rubuta baitocinta shida a 1816. Wani malamin makaranta, Franz Xaver Gruber, ya yi mata karin murya. Aka fara rera ta ranar 24 ga Disamba 1818 a ƙauyen Oberndorf kusa da Salzburg, cikin ƙasar Ostiriya. A daren nan muryoyin maza biyu ne da gita ɗaya, 'yan kwaya suna maimaita ƙarshen kowane baiti. Daga baya Gruber da kansa ya sake tsara ta domin cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Yau ana jin ta da muryoyi huɗu, ana jin ta a bakin 'yan badujala, ana jin ta cikin ɗaruruwan harsuna. Karin muryar bai yi nisa da na asali ba. Tufafin da aka sa masa ne suke sauyawa.

Jamus: Yadda Kari Ya Hau Sama

Kafin ƙarni na 16 waƙar ibada a Turai da harshen Latin ake yin mafi yawanta, kuma aikin limamai ne da horarrun mawaƙa. Gwanintar saƙa muryoyi ta kai inda mai sauraro kan kasa tsintar kalmomin, har manyan cocin Katolika suka tattauna matsalar a babban taronsu na Trent, wanda aka yi tsakanin 1545 da 1563. Martin Luther, wanda ya jagoranci ɓallewa daga Roma, ya nace a kan jama'a su yi waƙa da bakinsu, da harshensu na Jamusanci. A 1524 aka buga littattafan farko na waƙoƙinsa, ciki har da wanda abokinsa Johann Walter ya tsara domin kwaya.

To, amma an gudu ba a tsira ba. Walter ya bi al'adar zamaninsa, ya sa karin murya a bakin tena, watau a tsakiyar muryoyi, wasu a sama wasu a ƙasa. Manomin da ke zaune a benci, wanda bai san rubutun kiɗa ba, sai ya rasa muryar da zai bi. Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Lucas Osiander, wani malamin addini, wanda a 1586 ya buga waƙoƙi 50 da muryoyi huɗu. Dabararsa mai sauƙi ce: ya ɗauke karin daga tena ya ɗora shi a kan sofrano, inda kunne ya fi saurin kamawa, ya kuma sa dukkan muryoyin su furta kowace gaɓa tare. Ya bayyana cewa nufinsa shi ne taron masu ibada duka su iya shiga waƙar. Duk littafin waƙoƙin coci mai muryoyi huɗu da ake buɗewa yau, daga Landan har Jos, a kan wannan tubali yake.

Johann Sebastian Bach, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, shi ne ya nuna iyakar abin da za a iya yi da wannan tsari. Ya riƙe shugabancin kiɗan manyan majami'un birnin Leipzig daga 1723 har rasuwarsa, kuma bayan mutuwarsa an tattara tsare-tsarensa na muryoyi huɗu kimanin 370 aka buga, waɗanda har gobe da su ake koya wa ɗalibai jituwar muryoyi. Misali guda ya isa a ga hannunsa. Akwai wani karin murya da Hans Leo Hassler ya buga a 1601, asalinsa waƙar soyayya ce. Daga baya aka ɗora masa baitocin addini, ya zama sanannen karin waƙar makokin gicciye. Bach ya sa shi sau biyar cikin babban aikinsa na labarin gicciye bisa Linjilar Matta, yana sauya tsayin sauti ko muryoyin ƙasa gwargwadon inda labari ya kai. Na biyar ɗin, wanda ke zuwa bayan an ba da labarin mutuwar Almasihu, ya cika shi da sautuka masu nauyi, ya bar ƙarshensa a rataye kamar tambayar da ba a amsa ba.

Shi wannan kari dai Bach ya sake ɗaukowa a aikinsa na Kirsimeti, mai kashi shida, wanda aka rera a majami'u biyu na Leipzig tsakanin 25 ga Disamba 1734 da 6 ga Janairu 1735. A kashi na farko ya kawo shi a natse da muryoyi huɗu. A ƙarshen kashi na shida kuwa ya kewaye shi da kakaki uku da tambura, ya mai da shi kirarin nasara. Mutumin Leipzig da ya san karin tun yana yaro zai ji makoki da murna sun haɗu a wuri ɗaya, ba tare da an ƙara masa ko kalma ba. A nan ake gane cewa mai tsari mai sharhi ne: yana fassara waƙa da muryoyin da ya jera ƙarƙashinta.

Ingila: Makaɗan Ƙauye da Ogan

Labarin Ingila ya fi ɗaci. A 1644 majalisar dokoki, wadda masu tsattsauran ra'ayin addini suka rinjaya, ta ba da umarnin a fitar da ogan daga majami'u, a 1647 kuma ta soke bikin Kirsimeti. An maido da sarauta da bikin a 1660, amma majami'un ƙauye da yawa sun daɗe ba su da abin kiɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga wajen 1700 zuwa 1850 mutanen ƙauye da kansu, masaƙa da maƙera da baduku, suka kafa ƙungiyoyin waƙa da kiɗa. Sukan zauna a wani bene da ke bayan majami'a ta yamma, da goge irin na Turawa, ƙarami da babba, da sarewa da sauran kayan busa na itace. Sau da yawa su ke ƙirƙirar karin muryarsu, su rubuta da hannu a littattafan da ɗa ke gada daga uba. Suna son salon da muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya suna korar juna a kan ɗango guda. A daren Kirsimeti kuma sukan zaga gida-gida suna waƙa cikin sanyi.

Limaman da suka taso bayan 1833, lokacin da wata ƙungiyar gyaran ibada ta kunno kai daga Jami'ar Oxford, ba su ga kyan wannan ba. A ganinsu makaɗan sun cika taurin kai, maimaicinsu yana dagula kalmomi, jama'a kuma sun zama 'yan kallo. Sai suka sayo ogan ko ƙaramar hamoniya, wadda mutum ɗaya ke kaɗawa ƙarƙashin idon limami, suka jera yara masu fararen riguna a gaban majami'a. A 1861 aka buga littafin Hymns Ancient and Modern, mai waƙoƙi 273, wanda William Henry Monk ya kula da tsarin muryoyinsa, kowace waƙa da karinta guda a shimfiɗe da muryoyi huɗu. Littafin ya bazu ƙwarai, ya shafe bambancin da ke tsakanin ƙauye da ƙauye. Marubucin nan Thomas Hardy, wanda mahaifinsa da kakansa suka yi kiɗa a irin wannan bene a Stinsford, ya gina littafinsa na 1872, Under the Greenwood Tree, a kan korar irin waɗannan makaɗa.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɓangare yana da'awar jama'a yake karewa. Limamai sun ce sun mayar wa taro da waƙa mai sauƙin bi. Makaɗan kuwa su ne 'ya'yan taron, waƙoƙin kuma nasu ne. Waƙoƙin da aka kora ba su mutu duka ba. A ƙauyukan da ke kewaye da birnin Sheffield sun koma gidajen shaƙatawa, inda har yanzu ake cika ɗaki ana rera su da muryoyi daban-daban daga tsakiyar Nuwamba zuwa Kirsimeti.

Badujala a Bakin Titi

Ana cikin rufe wa makaɗa ƙofar majami'a sai wata ƙofa ta buɗe a titi. A farkon ƙarni na 19 aka ƙirƙiro maɓallan da ke ba kayan busa na tagulla damar fitar da kowane sauti, abin da begila ba ta iyawa. Kayan suka yi araha, ga ƙarfin amo, ga jure ruwa da sanyi, ma'aikatan masaƙu da mahaƙan kwal suka rungume su. A 1878, a garin Salisbury, 'yan iskan gari sun matsa wa masu wa'azin ƙungiyar Salvation Army, wadda William Booth ya kafa. Sai wani magini, Charles Fry, da 'ya'yansa maza uku suka fito don su tsare masu wa'azin, suka zo da kayan busarsu. Booth ya ga yadda busa ke tara mutane tana kuma danne hayaniya, ya karɓi abin hannu bibbiyu. Cikin 'yan shekaru ƙungiyar ta cika da 'yan badujala, har busarsu a bakin kasuwa ta zama ɗaya daga alamomin Kirsimeti a Ingila.

Tsara waƙa domin badujala yana da nasa ƙa'idodi. Mai tsari yakan ɗauki muryoyin nan huɗu ya rarraba su: sofrano ga konet, alto da tena ga matsakaitan ƙahoni, bes ga manyan da ake rungumewa. Da yake haka ne, mutum huɗu ko biyar a kusurwar titi za su iya busa abin da cikakkiyar ƙungiya mai mutum 25 ke busawa, daga littafi ɗaya. Dole kuma ya san halin kowane abin busa. Konet, alal misali, yakan fitar da sauti mataki ɗaya ƙasa da abin da aka rubuta masa, saboda haka sai a rubuta nasa mataki ɗaya sama, in ba haka ba ya yi karo da mawaƙa. A al'adar badujalar Ingila kusan dukkan kayan da alamar rubutu iri ɗaya ake rubuta musu, don mai busa ƙarami ya iya komawa babba ba tare da ya sake koyon yatsu ba. Babbar matsalar dai ita ce ƙarfi. Tagulla ba ta da kalmomi, kuma tana iya haɗiye muryar mutum ɗari. Gwanin mai tsari yakan rage masu busa a baitocin tsakiya, ya bar wurin jan numfashi a ƙarshen kowane ɗango, ya adana cikakken amo sai baitin ƙarshe.

Kambirij: Sulhu Tsakanin Kwaya da Taro

A jajiberin Kirsimeti na 1880 Bishop Edward White Benson ya shirya wata ibada a garin Truro, cikin wani ginin katako na wucin gadi: karatu tara daga Littafi Mai Tsarki, da waƙa tsakanin kowane biyu. A 1918, makonni kaɗan bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, Eric Milner-White, wanda ya yi limancin soja a yaƙin, ya ɗauko wannan shiri ya gyara shi domin majami'ar Kwalejin King's ta Jami'ar Kambirij. Gidan rediyon BBC ya fara watsa ibadar a 1928, kuma in ban da 1930 bai fasa ba ko a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Tun 1919 da waƙa guda ake buɗewa, kuma yadda aka tsara ta darasi ne a kan kansa: yaro ɗaya daga cikin yara 16 na kwayar ne ke rera baitin farko shi kaɗai ba kiɗa, sai kwaya ta shigo da muryoyi huɗu, sa'an nan ogan da dukkan taro su ɗauka. Cikin waƙa ɗaya an ba gwani haƙƙinsa, an ba jama'a nasu.

David Willcocks, wanda ya karɓi shugabancin kwayar a 1957, shi ya fi kowa inganta wannan sulhu. A 1961 shi da Reginald Jacques suka fitar da littafin Carols for Choirs mai waƙoƙi 50, na biyunsa kuma ya fito a 1970 tare da John Rutter. Dabarar Willcocks ita ce ya bar wa taro karin da suka sani, kada a taɓa shi ko kaɗan, amma ya sauya abin da ke kewaye da shi. A wani baiti sai yaran kwaya su tashi da wani sabon kari can sama da na jama'a, yana shawagi a kansa kamar shirwa. A wani baitin kowa ya haɗu a murya ɗaya, mai ogan ya sauya sautukan ƙasa, kalmar da ta fi nauyi a baitin ta faɗo a kan sautin da ba a zata ba. Tsohuwar da ke benci ba ta koyi sabon abu ba, amma waƙar da ta fito daga bakinta ta zama sabuwa. Ya kuma rubuta wa wasu waƙoƙin busar share fage ta kayan tagulla, watau makaɗan da aka kora a ƙarni na 19 sun dawo ta ƙofar gaba. Daga 1983, bisa shirin Stephen Cleobury, kwalejin takan sa a rubuta mata sabuwar waƙa kowace shekara, wadda kwaya kaɗai ke rerawa.

Waƙoƙin a Bakin Masu Jin Hausa

Wannan gado ya iso Arewacin Nijeriya ta hannun ƙungiyoyin mishan, irin su SIM da aka kafa a 1893, da SUM da ta sauka a Wase a 1904, da CMS ta su Dokta Walter Miller a Zariya da Wusasa. Da yake Hausa ce harshen da kabilu da yawa na Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa ke haɗuwa a kansa, ita ta zama harshen ibada. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kuma tanadi Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke cikinsa fassara ce daga waƙoƙin Ingila da Amurka, da karin muryarsu na asali. 'Yan kwaya sukan koyi muryoyinsu huɗu ta hanyar rubutun do, re, mi, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 domin waɗanda ba su san rubutun kiɗa ba.

A nan ne matsalar ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Ma'aunin waƙar Ingilishi a kan ƙarfin furuci da yawan gaɓoɓi yake. Na Hausa kuwa a kan nauyin gaɓa yake, mai nauyi da marar nauyi, kuma tsawon wasali yana sauya ma'ana. Mai fassara da ya ƙirga gaɓoɓi kawai don su yi daidai da sautukan kari, yana iya ɗora dogon sauti a kan gajeriyar gaɓa. Idan aka ja gaɓar farko ta kalmar gari a cikin garin Baitalami, kunnen Bahaushe garin tuwo zai fara ji kafin hankali ya gyara masa. Ga kuma karin sauti, wanda ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Mawaƙan Hausa ba su bin karin sautin magana sau da ƙafa, amma ba su cika saɓa masa a inda ma'ana za ta ruɗe ba. A tsarin muryoyi huɗu kuwa, sofrano na hawa bes na sauka a kan kalma ɗaya, watau kalmar ta sami kari biyu masu gaba da juna a lokaci guda.

Masu tsara waƙa a wasu harsunan Afirka ta Yamma sun yi fama da wannan tun da wuri. T. K. E. Phillips a Legas ya yi wa Yarabanci, Ikoli Harcourt Whyte a Uzuakoli ya yi wa harshen Ibo, Ephraim Amu kuma ya yi wa harsunan Twi da Ewe a Gana. Hanyoyin da aka fi bi su ne a fitar da karin murya daga karin maganar kanta, a sa muryoyi su hau tare su sauka tare, ko kuwa su shigo bi da bi, kowace ta faɗi kalmar da karinta daidai.

A majami'un Hausa amsar da ta fi ƙarfi daga mata ta fito. Ƙungiyoyin zumuntar mata, da zanensu iri ɗaya, sun koma ga tsarin jagora da amshi, da ganga da caki da tukunyar ƙasa da ake bugun bakinta. Waƙoƙinsu da Hausa aka haife su, saboda haka kalma da kari ba su faɗa da juna, kuma amshin gajere ne yadda duk majami'a za ta ɗauka a ji na biyu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A ibadar Kirsimeti guda ana iya jin taro na rera fassararriyar waƙa daga littafi, kwaya ta yi tata da muryoyi huɗu, matasa su yi da gita da fiyanon lantarki, 'yan Boys' Brigade su yi maci da begila da ganguna, mata kuma su tashi da tukunyarsu. Matakan da Turai ta bi ɗaya bayan ɗaya cikin ƙarnuka, ga su nan zaune a ɗaki guda.

Kammalawa

An ga yadda Osiander ya ɗaga kari sama don jama'a su ji shi, yadda Bach ya mai da muryoyin ƙasa abin sharhi, yadda limaman Ingila suka kori makaɗan ƙauye, yadda badujala ta fitar da waƙa titi, da yadda Willcocks ya raba aiki tsakanin kwaya da taro. A kowane mataki ma'auni biyu ne ke nuna ko tsari ya yi kyau: ko ana jin kalmomin da ma'anarsu, da kuma ko mutumin da ya zo ibada ya sami inda zai sa bakinsa.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban Hausa. Waƙoƙin makaɗan ƙauyen Ingila sun tsira ne saboda an rubuta su a littattafan hannu, wasu kuma suka ƙi daina rera su. Waƙoƙin zumuntar mata da na ƙananan kwayoyi da yawa a ka suke, sukan tafi tare da waɗanda suka ƙirƙire su. Ya kamata a bi su a ɗauka a rubuta, a auna gaɓoɓinsu kamar yadda ake auna na rubutacciyar waƙa, a kwatanta su da fassararrun da ke Littafin Waƙoƙi, a ga inda Hausa ta miƙe da inda aka tanƙwara ta. Wanda ya yi wannan zai ƙara wa nazarin waƙar Hausa babi guda, zai kuma ba masu tsara muryoyi na gaba abin da za su dogara a kai.